Duwatsun da Ka Jera a Tudu

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Shekara huɗu ke nan da muka kai ka makwancinka, a makabartar gindin tudu, bakin ƙorama. Yau dole in gaya maka abin da muka yi wa makwancin nan.

Ka tuna aikinka na bayan girbi? Kowa na hutawa, kai sai ka saɓi hauya ka hau tudu, ka kankare ciyawa ka fitar da doguwar hanya, don in wuta ta zo ta tarar da ƙasa tsirara ta tsaya. Ka gama, ka bi gangare kana jera duwatsu layi-layi. Ana maka dariya, wai tsoho ya rasa gona ya koma noman dutse. Amsarka ɗaya ce kullum: "Ciyawar can sama da duwatsun ga, su ka riƙe muna ruwa."

Da ka rasu ba wanda ya ƙara hawa. Har da ni, Baba. Ina Filinge a kan keken ɗinki, kowace kaka in ce sai baɗi.

Bayan girbin bara wuta ta tashi a tudu. Wasu sun ce masu farautar gafiya ne, har yau dai ba mai ita. Kwana biyu tana ci. Wallahi murna aka yi a gari, wai Allah Ya taƙaita, dutse kawai ta ci, ba ta taɓa rumbun kowa ba. Makiyaya ne kaɗai suka yi kuka, suka kora shanunsu wajen Tondikandiya.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Da ciyawa ta ƙone, duwatsunka suka fito fili a jere, sai ka ce tara wa mutane ka yi. Amalanke na hawa, amalanke na sauka, kowa ya kwashi na harsashin gini. Ƙanenka Baba Sale ne ya fara. Da na yi magana ya ce marigayi ba ya bukatar dutse yanzu, kuma yaushe tela ya zama injiniya. Na je wurin maigari, ya sa aka dama mini fura, ya ce ruwan sama rahama ne, ba a yi masa mugun baki. Na sha furar, Baba. Na koma kan kekena.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da la'asar, kuma ba wani ruwan kirki ba ne. Amma tudu ya zama kamar bayan tasa, ba abin da zai tare ko ɗigo. Ƙorama ta sauko baƙa ƙirin da toka, tana jan kututture da yashi. Gidajen nan kuwa ko gezau, ai harsashinsu da ƙarfi, duwatsunka ne. Sai ta bi ta makabarta.

Gefen gabas duka ya tafi, can inda kake. Washegari muka bi ƙorama da buhuna muna tsintar abin da ta bari, muka haɗa a rami ɗaya muka rufe. Ban sani ba ko kana ciki. Baba Sale ya fi kowa kuka, kuma ban ba shi haƙuri ba.

Inna ta tambaye ni ko makwancinka ya tsira. Na ce mata ya tsira. Ƙarya na yi wa matarka, Baba, kuma ta yi hamdala har sau uku.

Ranar Juma'a na je ziyara kamar yadda na saba. Na tsaya a tsakiyar yashi da hannu a buɗe, na rasa inda zan juya fuskata. Na yi ta kiran sunanka a raina, ni da gemuna, ina jin kunyarka.

Allah da Ya san inda kowane ƙashi ya kwanta, Ya tattara ka cikin rahamarSa, Ya ba ka makwancin da ruwa ba ya kaiwa. Su Baba Sale kuma na bar su da Shi. Ni ka yafe mini, in da hali.

Ɗanka da bai hau tudu ba,
Idi