Horon Baban Priska

Yamai, 4 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayata Maryam,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da dukan mutanen Dogon Dutsi. Yaya ƙafarki, kumburin ya sauka? Mu nan unguwar Lamorde lafiya lau, in lafiyar jiki kaɗai ake nufi.

Yaya, abin da na daɗe ina rufewa ya fi ƙarfina. Maigidana Baban Priska, wanda kika sani da tsabta har muna yi masa tsiya, yau kwana tara bai yi wanka ba. In na yi magana sai ya shinshina hammatarsa, ya ce shi bai ji komai ba, ya kwashe da dariya. Ɗakinmu tsami yake kamar an jiƙa gero an manta. Na kwashe shimfiɗata na koma ɗakin Priska. Ƙyamarsa nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Da a gida abin ya tsaya, da na haɗiye. A bikin 'yar Dattijo Markus ya tsoma hannu cikin kwanon baƙi ya tsince naman kaf yana lasar yatsu. Ran Lahadi kuma, muna fitowa daga sujada, ya tsaya jikin katangar majami'a ya yi fitsari a gaban matan zumunta, ya gaya wa matar fasto wata maganar da alƙalamina ba zai rubuta ba. Shekara ashirin da shida yana koyarwa, sha ɗaya yana dattijon majami'a, sai da furfura ta fito zai lalace. Na ce giya ce a ɓoye. Na birkita gidan ban ga kwalba ba, amma duk da haka na rubuta ƙara da hannuna na kai wa dattawa. Su gyara shi, ni na gaji.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Dabora

Yamai, 20 ga Afrilu

Yaya Maryam,

Ina gaishe ki, da fatan zafin nan bai galabaitar da ku ba. Na ga wasiƙarki. Kin ce na yi gaggawa, na ji haushinki a lokacin. Yanzu ki karanta ki ji.

Dattawa sun sa shi ƙarƙashin horo. An karanta sunansa a gaban jama'a, an cire shi daga dattawa, an mai da shi bencin baya kusa da ƙofa, ba shi ba Jibin Ubangiji, gurasar nan da ake raba mana a sujada, sai ya tuba. Shi kuwa ko a jikinsa. Yana can yana ɓare gyaɗa ana wa'azi, mutane suna waiwaye suna cewa ba su taɓa ganin taurin zuciya irin wannan ba. Ni ma na faɗa, har na fi su faɗa.

Ran Talatar da ta wuce muna cin abincin rana ya faɗi yana karkarwa, kumfa a baki. A asibiti wata lokotoro, Madam Fatuma, ta tambaye ni tun yaushe ya daina jin wari, ko yana tashi da ciwon kai, ko halinsa ya canza. Duk na sani, duk na gani, ba wanda ya taɓa tambayata sai ita. Ta tura mu hoton kai. Sai ga wani ƙari kamar lemun zaƙi a bayan goshinsa, ya danne wurin da ke riƙe da kunyar mutum da jin warinsa. Ta ce ya yi shekaru yana girma a hankali, ba irin mai yaɗuwa ba ne, ana iya cire shi.

Yaya, wata biyu mutumin nan yana zaune a bencin masu zunubi da ciwo a kansa, kuma ni na kai shi. Yanzu kaina nake ƙyama. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Dabora

Yamai, 2 ga Yuli

Yayata,

Ina yi miki fatan alheri da damina mai albarka. Na gode da kuɗin mota da kika ba Priska, ta iso lafiya.

An yi masa aikin cire ƙarin, kuma ya yi kyau. Jin warinsa bai dawo ba, amma shi ya dawo. Matsalar ita ce yana tuna komai, har maganar da ya gaya wa matar fasto, kuma in ya tuna sai ya rufe fuska da hannu biyu. Bai san ni na rubuta ƙarar ba, ni kuma na kasa gaya masa.

Na ɗauki hoton da takardar lokotoro na kai wa dattawa don su ɗage horon. Dattijo Markus ya ɗaga hoton a hasken taga, ya jijjiga kai, ya ce sun tausaya ƙwarai. Amma ƙa'ida ita ce horon da aka sanar a gaban jama'a ba ya sauka sai da tuba a gaban jama'a, kuma littafinsu bai ce komai a kan ƙari ba. Haka ya miƙo mini hoton, ya koma kan shayinsa.

Na roƙi Baban Priska kada ya yi wannan tubar. Ya ce bakinsa ne ya faɗa, hannunsa ne ya ɗauka, kuma wata biyar bai ci a teburin Ubangiji ba, ba zai ƙara ko mako ɗaya ba.

Jiya ya tsaya a gaba, da ɗinki tun daga wannan kunne zuwa wancan, ya lissafa abin da ya yi ɗaya bayan ɗaya. Ya roƙi gafarar fasto da matarsa da dattawa. Sannan ya kira sunana, ya ce ni na fi kowa haƙuri da shi. Majami'a ta ɗauki tafi, matan zumunta suka ja waƙar ɓataccen da ya dawo gida. Ba wanda ya miƙe ya ce mu ne muka yi kuskure. Ni ma ban miƙe ba.

Da aka zagayo da gurasa ya karɓi tasa da hannu biyu yana hawaye. Tawa na kasa kai ta baki, na dunƙule ta a hannu har gida. Ga ta nan a gabana ta bushe, ban san yadda ake yi da irinta ba.

Ki gaida maigida. Kada ki rubuto ki ce in yi haƙuri.

Ƙanwarki,
Dabora