Yarinya Ɗaya a Garin Tsofaffi

Litinin, 3 ga Fabrairu
Ni ne Gwamnan Mesquite Hollow, mai ƙofa biyu da filin golf uku, wanda dabino ke tsaya wa a layi. Yau da hantsi na fita rangadi a keken lantarkina, talakawa suna ta ɗaga mini hannu, wani da sanda, wata da kare a hammata. Talakawan nawa kuwa babu wanda bai mallaki gida biyu ba. Ciyawa kore shar a tsakiyar hamada, ga duwatsu can da ƙanƙara a kansu. In na faɗi haka a Agadez, cewa za a yi na sha wani abu.

Doka ta farko a ƙasata, sai ka cika shekara hamsin da biyar ka sayi gida. Shi ya sa mai shekara sittin a nan shi ne yaro, shi ake aike. Ba makaranta, ba ungozoma, likitan gwiwa kuwa ko'ina ka juya. Tunda na hau mulki ban taɓa jin kukan jariri ba. Wane gwamna ne ke da irin wannan kwanciyar hankali?

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Na saka wa Mista Gaetan, mutumin Kanada, dafaffen ƙwai cikin ƙwallayensa na golf. Ya ko buga. "Tony, ɗan banza, yau sai na ga bayanka!" Yana dariya har haƙoransa na roba suka motsa. Tony suke ce mini. Na bar musu, tsufa ne.

Talata, 11 ga Fabrairu
Na kai Madam Lorraine wurin likita, tana ta share ido a bayan mota.

"Amaryata, wa ya taɓa ki? Faɗa mini in sa a ɗaure shi."

"Bar wasa, Tony."

Ashe jikarta Junie, 'yar shekara bakwai, tana wurinta tun da uwar ta yi hatsarin mota. Uwar na asibiti da ciwon ƙashin baya, sai ƙarshen Mayu. Uba ba labarinsa. To dokar unguwa ta ce ƙaramin yaro ba ya wuce mako biyu a gida ɗaya cikin shekara, kuma Mista Pruitt, shugaban ƙungiyar masu gidaje, ya zo da kansa ya tuna mata. Madam da tukunyar iskar da take shaƙa ba ta iya komawa ko'ina. In Junie ta fita daga nan, hukumar yara ce za ta ɗauke ta ta ba baƙi riƙo.

Ban sami abin tsokana ba har muka dawo.

Laraba, 12 ga Fabrairu
Ina sallame asuba abin ya faɗo mini. A garinmu baƙo na unguwa ne, yau ya kwana nan, gobe can. Doka gida ɗaya ta hana. Gidaje nawa ne a layinmu, da ɗakunan baƙi an gyara gado ba mai kwana?

Na bi ƙofa ƙofa. Madam Bev ta ce, "Ni? Rabona da rainon yaro tun ina da kwankwasona na asali." Na ce ai ba goyo za ta yi ba. Ta ce, "To kawo ta, amma kyanwata ba ta son hayaniya." Gaetan ya ce shi ne farko ko a fasa.

Kai, Gwamna! Wa ya kai ka?

Asabar, 15 ga Fabrairu
Junie ta koma gidan Gaetan da jakarta. Kullum da yamma zan kai kakarta su ci abinci tare. A hanya ta ƙare mini kallo ta ce, "In kai gwamna ne, me ya sa kake ɗaukar wa mutane jaka?" Na ce tawali'u ne. Ta ce, "Ƙarya ne." Yarinyar nan za ta yi nisa.

Lahadi, 9 ga Maris
Azumi. Junie ta naɗa kanta dogarina, duk tsohuwar da ta miƙo mini biskit sai ta tare, "Ba ya ci sai rana ta faɗi!" Ta cinye da kanta.

Madam Bev da Madam Arlene sun daina gaisawa kan wa ke bin wa a karɓar Junie. Mutanen da da ba su da zance sai hawan jini da farashin gida, yanzu gardamarsu ko yarinya na cin wake. Wani tsohon lauya ya koya mata tuƙa keken golf, ta hau kan furannin coci.

Mista Pruitt ya tare mu bakin wurin ninƙaya. "Yau kuma baƙuwar wa ce?" Na ce ta Madam Bev, yallaɓai. Ya dube ni ta saman tabarau, ya wuce.

Talata, 1 ga Afrilu
Zafi ya fara. Na yi babban kuskure, na manta rabin talakawana tsuntsaye ne, sanyi ke koro su nan, zafi ya mayar da su. Manyan motoci sun zo kwasar motocinsu zuwa arewa. Ana jera bokitan ruwa a ɗakuna don kada katako ya tsage, ana rufe labule. Doka kuma ta ce baƙo ba ya kwana sai mai gida na nan.

Da zai tafi, Gaetan ya rungume Junie ya ce wai rana ce ta shiga masa ido.

Litinin, 28 ga Afrilu
Gidajen da suka rage za su kai mu tsakiyar Mayu. Daga nan babu. Ban gaya wa Madam Lorraine ba.

Alhamis, 15 ga Mayu
Gida ɗaya ne a layin mai gidansa na nan kuma Junie ba ta kwana ciki ba. Na Mista Pruitt.

Shirina in ajiye ta bakin ƙofa da jakarta, in danna ƙararrawa, in ɓuya bayan dabino in ga fuskarsa. Na danna, sai ta riƙe mini hannu gam. Ba gudu.

Ya buɗe. "Tun Fabrairu nake kallonka kana yawo da dokata a keken golf."

"Ban karya ta ba, yallaɓai."

"Na sani. Ni na rubuta ta." Ya sunkuyo wajen Junie. "Ke, kina cin kifi?"

"A'a."

"Kina tashi da wuri?"

"A'a."

"Kina taɓa abin da ba naki ba?"

"Wani lokaci."

Ya miƙe tsaye. Can ya ce, "Ke dai kin fi direbanki gaskiya. Mako biyu. Ko kwana ɗaya ba zan ƙara ba." Ya karɓi jakar.

Juma'a, 30 ga Mayu
Uwar ta zo jiya, tana dogara sanda biyu. Mista Pruitt ne ya saka jakar a mota, da 'yar kwalliyar roba ta Junie maƙale a gashinsa, ba wanda ya gaya masa. Ya ce mini in jama'a sun dawo za a zauna a toshe wannan kafa ta doka. Na ce Allah ya kai mu.

Yau layin tsit, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Na kira Yaya Rakiya a Agadez, na ce ta ba yaranta wayar. Ban ma san muryar na ƙarshen ba. Suna ta ihu suna ƙwace, na ajiye wayar kan kujerar kekena na zagaya unguwa da ita a hankali. Don in gwada batir ne kawai.

To, tunda ba mai karanta wannan sai ni da Allah, babu wani gwamna. Tanimu ne, ɗan Sallau mai gyaran takalmi, direban tsofaffi, mai haya a ɗaki ɗaya can garin Indio, wanda bayan allo bai zauna a wani aji ba. Shi ya rubuta. Kuma yarinyar nan, a hannun uwarta ya miƙa ta.