Teburin Baba Ya Zama Jita

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin can? Ya Anti Ladi da yara? Mu nan Lugbe lafiya lau.

Teburin maɗacin marigayi Baba da ka bar mini, da shi na yi jikin jitar lantarkina. Na fara gwada katakon malaina, sautin ya fito siriri, nan da nan ya mutu. Maɗacin kuwa, ina kaɗawa ya fito da kauri, ya daɗe yana amo. Inna ta leƙo ta ce, "Kamar gyaran muryar ubanku."

Nauyi gare ta, kafaɗata har ciwo take, amma ba zan rage mata komai ba.

A gaida kowa. A sa mu a addu'a, a fara da Baba.

Ƙaninka,
Sani