Sosis Ɗinku Ya Ci Mini Ido

Zuwa ga Alhaji, mai gidan yin sosis na bayan tashar manyan motoci, Gaya.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da iyalinku, da fatan kasuwa na tafiya. Ni ce Rabi mai burodi, wadda ke soya sosis ɗinku tana sayar wa direbobin kamiyo masu jiran duwan, wato kwastan, kafin su haye gadar kan iyaka. In sunan ya ɓace muku, ku tuna mai ido ɗayan da ta tsaya a ƙofarku.

Na farko, kayan. Lokacin da na fara saye a wurinku, naman sa ne da ɗan kitse da yaji, ƙamshinsa kaɗai yakan sauko da direba daga mota. Da nama ya yi tsada ba ku gaya wa kowa komai ba. Kuka koma garin rogo da dusar waken suya da fatar kaza, kuka jiƙa da ruwa don ya yi nauyi, kuka zuba jan kala. Kowa ya ga buhunan da 'yan kabu-kabu ke sauke muku daga Malanbil, can tsallaken gada. Tun daga nan sosis ya zama kamar tuwon da ya kwana. Yana manne wa ganɗa, yana motsewa a kasko, in kuma kuran ya ɗauke, firiji ba wuta, kafin la'asar ya yi tsami yana yauƙi. Ni direbobi suka riƙa zagi, don fuskata suke gani.

Na biyu, idona. Wata safiya na jefa shi cikin mai kamar kullum. Guda ya kumbura, ruwan da kuka ɗura masa ya tafasa, ya fashe, man ya watso mini a fuska. Likita a Doso ya ce na hagu ya tafi. Yanzu ina zuba shayi a gefen kofi, babur kuma sai ya kusa taka ni nake ganinsa.

Na uku, zuwana wurinku. Kun bar ni a rana har kuka gama cin abinci. Da kuka fito kuka leƙa ƙarƙashin bandejin da ke idona, kuka ce ban iya suya ba, wai kuma ido ɗaya ya isa ganin kasko. Ma'aikatanku suka yi dariya saboda kun yi. Sannan kuka sa aka miƙo mini kwali guda na sosis ɗin nan a matsayin sannu.

Ba diyya nake nema ba, Alhaji, ba a sayar da ido a kasuwar Gaya. Ku rubuta a jikin leda abin da ke ciki, ku daina kiransa naman sa. Akwai mata da yawa masu sunkuyawa a kan kasko da shi, wasu da goyo a baya. Ku kuma zo tasha da ƙafarku, ku faɗa a gaban direbobi cewa ba hannuna ne ya yi kuskure ba.

Ina roƙon Allah ya ba ku tsawon rai. Ya sa abin da kuke ɗurawa cikin hanjin sosis ɗin nan ya zama shi ne abincinku safe da yamma, ku da kanku za ku soya, fuskarku dab da kasko.

Wassalam.

Rabi mai burodi, tashar manyan motoci, Gaya.