Zanar Ummukulsum

Sae Sabuwa, bayan girbi

Zuwa ga Yaya Basira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Ki ce mata ta bar zuwa rijiya, jikoki ba don ado aka haife su ba. Rezon waya ya guje mana a ƙauyen nan, shi ya sa na ba direban motar Agiye wannan takarda.

Kin tambaya ko mun fara lakol. Da wane aji? Namu na kara ne, duk shekara damina ta cinye shi, sai an gama girbi a sake kafawa. Mai shela ya zaga gari, ya ce duk gidan da ke da ɗa a lakol ya kawo damin karan gero ranar Asabar, kamar yadda aka saba. Kafin nan a gindin gawo nake koyarwa, ni da awaki.

Abin da ya hana ni sukuni wata ɗalibata ce, Nazira. Ita da uwarta Ummukulsum ƴan bindiga suka koro daga wani ƙauyen bakin iyaka, uban bai fito ba. Ba gida, ba gona, ba dangi. A bayan kasuwa suke kwana, cikin zana biyu da uwar ta saƙa da hannunta, sai leda a sama. Direkta, shugaban lakol ɗinmu, ya karɓi yarinyar ba takardar haihuwa ba komai, ya ce karatu haƙƙinta ne ko a ina ta kwana. Ga ta da kai, abu ɗaya ba a faɗa mata sau biyu.

Tun ranar da aka yi shela ba ta sake zuwa ba. Na bi sawu. Uwar ta shimfiɗa mini buhu, ta ce wanda bai shuka ba, ina zai samo kara? Na rantse mata ba mai tambayar ta dami. Ta saurare ni har ƙarshe, ta yi godiya, ta ce ɗiyarta ba ta shan inuwar da kowa ya sa hannu ban da su. Mata suka ce za su ba ta nasu, ta ce ai wannan karansu ne. Taurin kanta har ya fi naki. Ina tsoron yarinyar nan ta kuɓuce mini, Yaya. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Barira

Zuwa ga Yaya Basira,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya, Inna kuma ta ji magana. Ƙuli-ƙuli ya iso, na gode, ko da yake da alama direba ya ɗanɗana a hanya. Zauna da kyau kafin ki karanta.

Ranar Asabar gari ya taru, amalanken jakai na sauke kara, maza na kafa dirkoki. Sai ga Ummukulsum daga bayan kasuwa da zana naɗe a ka, Nazira na biye da ɗayar. Ɗakinta ta kwance! Ga sanyi ya fara shigowa. Ta aza su bisa tulin kara, ta ce ga na gidansu. Na sha ganin mai bayarwa daga abin da ya rage masa, amma ban taɓa ganin wanda ya ba da bangon da yake kwana a ciki ba.

Direkta ya roƙe ta ta mayar, ta ƙi. In an karɓa, an bar uwa da ɗiya a fili. In an ƙi, an ce mata ita ba ƴar gari ba ce. Sai tsoho Ɗanbaba, shugaban iyayen yara, ya ce a karɓa, ba a mai da hannun kyauta baya. Ya sa aka ɗaure zanarta a bangon gabas. Da aka gama aji bai sallami kowa ba. Ya zaga bayan wannan bango, ya ce kara ya ragu, kuma asara ce a bar wa gara. Kafin la'asar ɗaki ya tsaya, jingine da aji. Bango ɗaya ne, cikinsa namu, bayansa nata. Ba ta da bakin cewa an mayar mata da kyautarta. Na juya na share hawaye, na ce ƙaiƙayi ne ya faɗa mini a ido.

Nazira ta dawo, a sahun gaba take zama. Amma ga ainihin abin da ya sa na rubuto. Shekaranjiya ina biya haruffa yara na amsawa, sai na ji wata murya a cikinsu wadda ba ta yaro ba, ƙasa-ƙasa, daga bayan zana. Na tsaya, ita ma ta tsaya. Nazira ta sunkuyar da kai. Na dai jawo allo kusa da bangon gabas, na ci gaba, muryar ta biyo ni.

Ke da Inna kun sha cewa muryata ta mai shela ce. Ki gaya mata yau muryar ta sami aiki.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Barira