Akushin Fararen Duwatsu

Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninki, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya gwiwar? Ina fata shafa maganin kike yi, ba ajiye shi kika yi a kan taga yana kallonki ba. Matata, ƙanwarki, tana gaishe ki, ta ce in shaida miki har yau ban yi hankali ba.

Ina da labari, kuma na san za ki taɓe baki, don na wasan nan ne da kike kira wasan tsakuwa. Sunansa Go, na faɗa miki har bakina ya gaji. Tunda kin rantse ba za ki riƙe ba, ga shi kuma: allo ne na katako mai layuka a tsaye da a kwance, mutum ɗaya da baƙaƙen duwatsu, ɗaya da farare, kowa yana neman ya kewaye fili fiye da ɗan'uwansa. Wanda ya fi iyawa shi ke riƙe fari. Mai rauni ya ɗauki baƙi, a kuma bar shi ya jera wasu duwatsu a allo kafin a fara, don kada abin ya zama cin zali. In ya ci sau uku a jere, a rage masa dutse ɗaya.

Kin tuna Likita, likitan haƙorin nan da na je wurinsa da kumburarren kunci ina saurayi? Ya raba ni da haƙori ɗaya, ya haɗa ni da wannan cuta da ya kwaso a wajen karatu. Da duwatsu tara ya fara ba ni. Shekara talatin ke nan kowace Asabar ina ɗakin bayan asibitinsa, a saman benen gidansa. Asibitin ya rufe tuni, amma kujerar cire haƙori tana nan an jibga mata tsofaffin jaridu, ɗakin kuma bai daina warin kanumfari ba. Sa'o'ina sun gina gidaje, wasu har suna da direba. Ni kuwa na sauko daga tara zuwa biyu, a biyun na kafe har furfura ta same ni.

To, Yaya, zauna da kyau. Na ci shi sau uku a jere. Dutse ɗaya ba a jera shi, don haka daga yanzu ba wani dutse da zan jera, baƙi kawai zan riƙe in fara sawa. In na ƙara cin uku, akushin fararen ya zama nawa. Ƙanwarki ta daɗe da yin alkawarin ranar da na riƙe fari za ta yanka mini kaza, ta yi shi ne da yaƙinin kazar za ta mutu da tsufa. Yanzu na ga ta fara yi wa kazar kallon tausayi.

Abu ɗaya ya rage mini daɗi. Al'adar wasan, in an gama, a kwashe duwatsun a sake jera su da ka tun daga farko, sai ya riƙa nuna mini wautata da ɗan yatsa kamar mai nuna ruɓaɓɓen haƙori. Wannan karon ya jera kaɗan, ya tsaya, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce ya gaji. Haushi ne, na sani. Na riƙo haushin nan har gida ina lasa.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na sami amsarki, na kuma gode da shawarar in je a duba kaina. Ashe an duba kan wani, ba nawa ba.

Bayan waccan takardar na ƙara cinsa sau biyu. Ranar na biyun ina saukowa daga bene ina fito kamar yaro, sai 'yarsa, wadda ke kula da shi tun rasuwar matarsa, ta tare ni a bakin ƙofa. Ta ce kwanaki ta tarar da shi ya tafasa kayan aikinsa, ya sa farar riga, yana jiran majinyatan da suka daina zuwa shekaru da yawa. Ta ce ya fita sayen burodi, wani mai shago ya rako shi gida. An kai shi asibiti, an ce ciwon mantuwa ne, ba ya komawa baya. Ba su gaya masa ba. Ta ce Asabar kaɗai yake tashi da walwala, ta roƙe ni don Allah in riƙa barinsa yana ci.

Aikina a maɗaba'a shi ne kamo harafin da ya ɓace a rubutun wasu. Da shi nake ci da iyalina. Amma mutum ya yi ta ɓacewa a gabana, allo kawai a tsakaninmu, ni kuma ina ta yi wa kaina kirari. Ashe ba ni na hau ba, Yaya. Shi ne yake saukowa, muka haɗu a tsakiyar bene.

Na ce mata wannan ai ba wuya, in akwai abin da na ƙware a kai a duniya faɗuwa ce. Asabar da ta zo na zauna da niyya. A wasan, rukunin duwatsu ba ya rayuwa sai yana da ramuka biyu a cikinsa, su ake kira idanu. Sai na ɗauki dutsena na toshe wa kaina ido ɗaya, na haɗa da ɗan tsaki don abin ya yi kama da kuskure.

Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya yi abin da ba a yi: ya ɗauke dutsen da na riga na sa, ya kama hannuna ya danƙa mini shi. Ya ce ya san kurakuraina kamar yadda ya san bakin majinyatansa. Nawa duk na haɗama ne, wannan kuwa na tausayi ne, kuma mai neman wanda zai ji wa tausayi ya tafi asibiti dubiya. Ya rage murya don kada 'yar ta ji, ya ce shi likita ne, ba sai an gaya masa ba. Kowa a gidan yana ce masa ya samu sauƙi. Allon nan kaɗai ya rage da ba ya masa ƙarya, da shi yake auna abin da ya saura. In ni ma ƙaryar zan kawo masa, in yi zamana a gida.

Ya share allon, ya ce na yau ba ya cikin lissafi, sai mako mai zuwa.

Ga inda nake. In na faɗi da gangan, ya kore ni. In na yi wasa da gaske, da hannuna zan karanta masa sakamakon da likitoci suka ɓoye. Na karanta littattafai da yawa, ban ga inda aka faɗi abin da mutum zai yi a nan ba. In kina da dabara ki aiko, ko ta zagi ce.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar gwiwa.

Na yi wasa da gaske. Na ci.

Ya ƙirga filin da kansa, a hankali, ya sake ƙirgawa. Sai ya sa hannu biyu ya turo mini akushin fararen, ya jawo na baƙaƙen gabansa, ya yi mini barka kamar yadda ake yi wa wanda ya cancanta. Fararen sun fi baƙaƙen santsi, sun fi su sanyi. Shekara talatin ina kwashe su ina zuba masa a akushi, ban taɓa lura ba sai da suka zama nawa.

Da na shigo gida ƙanwarki ta dubi fuskata. Kazar tana nan da ranta.

Auta

Yayata,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shiruna na watannin nan. Takardunki duk sun iso. Na ji an yi wa gwiwar aiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki bi maganar likitoci, ke da ba ki taɓa bin maganar kowa ba.

Kin ce in nemi wani abokin wasa, ko in riƙa yi da waya kamar yaran zamani. A garin nan ba wanda ya iya sai mu biyu. Wayar kuwa na gwada, ta iya ƙwarai, ta lallasa ni ba ko sannu. Amma ba ta san ni da duwatsu tara ba, ba ta san shekarar da na sauko biyar na kasa barci don murna ba. Mutum ɗaya ne ya ga wannan duka, a kansa kaɗai yake ajiye, kan kuma yana yoyo.

Ka'idar nan ta cin uku ita ce ba ta fita daga kansa ba. Duk sanda na cika uku, shi da kansa yake ƙara dutse. Ya jera biyu, ya jera huɗu. Abin da na yi shekara talatin ina saukowa, ya haye shi kafin shekara ta zagayo. Yanzu tara yake jerawa. Akwai ɗigo tara a allon inda ake sa su, hannunsa bai taɓa kuskure ko ɗaya ba, hannun da ya daina gane maɓallin riga. Daga nan kuma sai abin da hali ya yi. Wani lokaci ya sa dutse biyu a jere, wani lokaci ya riƙe ɗaya yana juya shi a gaban fitila kamar haƙorin da ya ciro. Ban ƙara faɗuwa da gangan ba. Na yi masa alkawari, ko da shi ya manta.

'Yar ta ce ƙarshen wata za su koma wurin wanta a wani gari mai nisa, don benen ya fi ƙarfinsa. Za a sayar da kujerar. Allon da akusan ta ce in ɗauka.

Asabar da ta wuce ita ce ta ƙarshe. Ya tarbe ni da ladabi irin na baƙo, ya tambaye ni ko haƙori ne. Na ce a'a, wasa ne. Ya ji daɗi, ya jera taransa. Da muka gama ya yaba hannuna, ya ce a ina na koya, bai san akwai gwani irina a garin ba. Sannan ya matso kamar mai ba da amana. Ya ce akwai wani yaro da ke zuwa masa duk Asabar, ma'aikacin maɗaba'a, yau dai bai zo ba, ko lafiya. Ya ce yaron ba shi da baiwa ko ta kwabo, ga haɗama, amma bai taɓa fashi ba, kuma bai taɓa yi masa ƙarya a kan allo ba. Ya roƙe ni in ya tafi in riƙa wasa da yaron, in ba shi duwatsu tara, kada in sassauta masa, don wata rana zai kai.

Na ce masa zan yi.

Allon yana nan a ɗakina, a kan teburin da nake rubuta miki wannan. Jiya na jera wa yaron taransa, na jawo akushin fararen gabana. Fari ne ke fara sawa in an jera tara. Har yanzu ban sa ba.

Kada ki turo mini lallashi, bai dace da ke ba. Ki dai ce wasan tsakuwa ne, kamar kullum. Ki gaida maigidan da yara.

Ƙaninki,
Auta