Kaskon da Ban Jiƙa Ba

Chicago, 9 ga Yuni

Yaya Ofelia,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, yaya yara? Ni lafiya lau, aiki ma ba laifi, tsayuwar ce dai ta yi yawa.

Kaskon da kika aiko ya iso bai fashe ba, na gode. Ranar Lahadi aka yi wa 'yar maƙwabcina baftisma, ni kuwa da bakina na ce zan haɗa musu giyar tekila irin ta Baba. Na yanka lemon zaƙi da na tsami, na barbaɗa gishiri, na tuttula tekila kwalba biyu da soda a cikin kaskon. Ashe sabon kasko sai an jiƙa shi tukuna. Shekara nawa Baba yana wannan aiki a bukukuwa, ni ina can wajen ƙwallo!

Wani dattijo, Don Cipriano, ya kurɓa ya furzar a gaban mutane. Ya ce, "Kai, tekila ce wannan ko ruwan kududdufi? A garinmu La Barca akwai wani Eusebio, da ya ɗanɗana wannan da ya yi kuka. Kai ɗan ina ne?"

Sunan mahaifinmu fa ya kira, Yaya. Don kunya na ce masa ni ɗan Puebla ne, can nesa da garinmu.

Don Allah tambayar mini Baba kwana nawa ake jiƙawa, amma ki ce wata ƙawarki ce ke tambaya. Allah ya ƙara masa lafiya.

Dattijon ya daɗe yana kallon hancin nan nawa irin na Baba. Kuma wata mai zuwa zai zo gida La Barca.

Ƙaninki,
Anselmo